Tarihin Édouard Lucas (1842-1891): Malamin Sakandaren da Ya Tantance Lamba Mai Gida 39 da Hannu

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe tun a sakandare muka yi sallama da lissafi, wasunmu ma da ƙyar aka rabu lafiya. Saboda haka na san akwai wanda zai ga kan wannan rubutu ya nemi juya shafi. Ina roƙon mai karatu ya ɗan dakata. Mutumin da za a kawo tarihinsa a nan Bafaranshe ne, kuma a makarantun sakandare ya yi aikin koyarwarsa har ƙarshen rayuwarsa. Amma a shekarar 1876 ya yi wani aiki da hannunsa wanda aka shekara 75 ba a sami wanda ya zarce shi ba, kuma ko da aka zo zarce shin sai da aka haɗa da na'ura. Sunansa François Édouard Anatole Lucas. Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe na sunan, don haka Luka ake ji a bakinsu.

Kafin a shiga tarihin, akwai kalmar da ya kamata mu daidaita a kanta. Cikin lambobi akwai waɗanda ake iya rabawa gida-gida daidai ba saura, kamar 12, wadda ke rabuwa gida 2 ko 3 ko 4 ko 6. Akwai kuma waɗanda babu abin da ke raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. A aji mun saba jin ana ce wa irin waɗannan firam. A wannan rubutu zan kira su gagara-rabo, bisa ƙirar gagara-gasa da gagara-misali. Na san kalmar rabo tana da wata ma'ana ta sa'a, amma a nan rabawa ake nufi. Wanda yake da abin da ya fi wannan, shafukan mujallar nan a buɗe suke gare shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Lucas ranar 4 ga Afrilu, 1842, a Amiens da ke arewacin Faransa, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Amiens gari ne na masaƙa, wanda ya yi suna wajen yadudduka, musamman karan-miski. A nan ya yi karatunsa na farko. A 1861 ya sami shiga École Normale Supérieure a birnin Faris, wato babbar makarantar da ke horar da zaratan malamai da masu bincike na ƙasar, kuma ya kammala a 1864.

Daga nan aka ɗauke shi aiki a cibiyar duban taurari ta Faris a matsayin mataimaki. Shugaban cibiyar a lokacin shi ne Urbain Le Verrier, mutumin da ya yi amfani da lissafi zalla a 1846 ya nuna inda za a ga duniyar Neptune tun kafin a gano ta da madubi. Gwani ne na gaske, to sai dai zama a ƙarƙashinsa ba daɗi. Ya shahara da tsanani da danne na ƙasa da shi, har ta kai a 1870 gwamnati ta sauke shi bayan manyan ma'aikatan cibiyar sun ajiye aiki. Lucas yana cikin waɗanda ba su ji daɗin zama da shi ba. Ga shi kuma zuciyarsa ba a kan taurari take ba, tana kan lambobi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan zango na rayuwarsa shi ne wani ɗan littafi da ya fitar a 1867, yana da shekara 25, a kan lissafin saƙar yadin satin. Ɗan garin masaƙa ne, bai manta gida ba. A saƙar satin, zaren gicciye yana tsallake zaren tsaye da yawa kafin ya kama ɗaya, wannan ne ke ba yadin santsi da sheƙi. A kowane sabon layi, wurin kamun yana gusawa da taki iri ɗaya. Idan zaren tsaye 8 ne a zagaye guda, ana iya gusawa da taki 3, sai kowane zare ya sami kamu sau ɗaya kafin a dawo farko. Idan aka gusa da taki 2 ko 4 kuwa, wasu zaruruwan ba za a taɓa kama su ba, domin 2 da 4 suna raba 8. Sharaɗin ke nan: kada wata lamba da ta wuce 1 ta raba takin da adadin zaren gaba ɗaya. Shi ya sa ake samun daidaitaccen satin mai zare 5 ko 8, amma ba a samun mai zare 6. Masaƙa sun san haka a aikace tun da daɗewa. Shi Lucas dalilin ya bi, kuma dalilin bai wuce batun wace lamba ke raba wace ba, batun da ya ci gaba da bi har ya mutu.

Yaƙi da komawa aji

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya, wadda ta jagoranci ƙasashen Jamus. Lucas ya shiga a matsayin hafsan sojan igwa. Faransa ta sha kashi, har garinsu Amiens ya faɗa hannun abokan gaba a watan Nuwamban shekarar. Da aka gama yaƙi a 1871 sai ya kama koyarwa, daga baya ya koyar a manyan makarantun sakandare biyu na Faris, wato Charlemagne da Saint-Louis, inda ake shirya ɗalibai don jarrabawar shiga manyan makarantu.

Da alama igwa ta bar masa tunani. A da ana jera harsasan igwa masu siffar ƙwallo ne kamar dala: 1 a sama, 4 a ƙarƙashinsa, sai 9, sai 16, haka har ƙasa. A 1875 Lucas ya jefa tambaya: hawa nawa za a yi ta yadda idan aka rushe dalar za a iya shimfiɗa harsasan a ƙasa su ba da murabba'i cif? Ya ce ban da hawa 1, amsa ɗaya ce tak, wato hawa 24, wanda ke ba da harsashi 4,900, daidai da 70 sau 70. Gaskiya ya faɗa, amma hujjarsa ba ta cika ba. Sai a 1918 wani Baturen Ingila mai suna G. N. Watson ya kawo cikakkiyar hujja. Wannan hali ya bi Lucas a wurare da dama: idonsa yana riga hujjarsa isa wurin.

Matsalar da ya tarar

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Bagirke Yuklid ya tabbatar da cewa lambobi gagara-rabo ba su da iyaka. Wahalar ita ce a ɗauko wata ƙatuwar lamba a ce ga hujja cewa ita ma gagara-rabo ce. Hanyar da kowa ya sani ita ce a yi ta gwada raba ta da ƙananan lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ga lamba mai gida 3 ko 4 wannan aikin ɗan lokaci ne. Ga mai gida 30 kuwa, rai ba zai kai ba.

Akwai wani dangi na lambobi da masana suka fi sa wa ido. Ana samun su ne idan aka jera 2 sau da yawa, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Alal misali, 2 guda uku suna ba da 8, a cire 1 saura 7. Guda biyar suna ba da 32, saura 31. Guda bakwai suna ba da 128, saura 127. Ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne (1588-1648), kuma ana taƙaita rubuta su da harafin M tare da adadin 2 da aka jera. Ke nan M3 ita ce 7, M5 ita ce 31, M7 ita ce 127. Idan adadin da ke gaban M yana rabuwa, to lambar ma dole ta rabu. Idan gagara-rabo ne kuwa, akwai fata amma babu tabbas: M11 ita ce 2,047, wadda take daidai da 23 sau 89.

A 1644 Mersenne ya wallafa jerin adadin da ya ce su kaɗai ne, daga 2 zuwa 257, ke haifar da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma babu mai iya ƙaryata shi a zamaninsa. Sai a 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da M31, wato 2,147,483,647, mai gida 10. Bayan ita a jerin Mersenne sai 67 da 127 da 257, kuma nan aka tsaya cik fiye da shekara 100.

Bari mai karatu ya ga M127 da idonsa:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

Gida 39 ke nan. Hausa ba ta da suna guda na irin wannan adadi, ko da an haɗa da zambar ta kakanni da miliyan da biliyan na aro. Iyakar abin da za a ce shi ne ta ɗan haura tiriliyan sau tiriliyan sau tiriliyan, sau 170. Pierre de Fermat ya riga ya samar da wani rangwame tun ƙarni na 17: duk gagara-rabon da zai raba M127 dole ya zama 254 ne aka ninka sau wani adadi aka ƙara 1, kamar yadda 23 da 89 da suka raba M11 suke 22 da 88 da ƙarin 1. To ko da wannan rangwamen, wanda ke gwada rabawa ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai haura shekara biliyan ɗaya da rabi bai gama ba.

Dabarar Lucas

Lucas bai bi ta rabawa ba sam. Ya biyo ta wani jeri ne da ɗan Italiya Leonardo na Pisa ya kawo a littafinsa na 1202 cikin wata tambaya a kan haihuwar zomaye: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, inda kowace lamba take jimlar biyun da suka gabace ta. Wannan Leonardo a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau ya koyi lissafi da alƙaluman da muke amfani da su yanzu. Lucas ne ya yaɗa kiran jerin da sunan Fibonacci, laƙabin da aka san Leonardo da shi. Sannan ya zurfafa bincike a kan wani jeri ɗan'uwansa mai bin doka iri ɗaya, wanda yau ake kira lambobin Lucas: 1, 3, 4, 7, 11, 18, 29, 47, 76, 123, 199.

Wannan jeri yana da wata alaƙa ta ban mamaki da gagara-rabo. Ɗauki lamba ta 5 a jerin, wato 11, ka cire 1, za ka ga 5 ta raba 10. Ta 7 ita ce 29, kuma 7 ta raba 28. Ta 11 ita ce 199, kuma 11 ta raba 198. Haka abin yake ga kowane gagara-rabo. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin akwai lambobi masu rabuwa da ke shigar burtu su ci wannan gwajin, ƙaramarsu ita ce 705. Gudummawar Lucas ita ce gano cewa ga lambobin Mersenne ana iya tsaurara gwajin ta yadda mai shigar burtu ba zai wuce ba.

Ga yadda abin yake a aikace, kuma ina ba mai karatu shawara ya ɗauko biro ya bi ni. A fara da 3. A ninka ta da kanta a cire 2, an sami 7. A ninka 7 da kanta a cire 2, an sami 47. A sake, an sami 2,207. Waɗannan su ne lambobin Lucas na 2 da na 4 da na 8 da na 16, wato tsalle ake yi cikin jerin maimakon tafiya taki-taki. Yanzu mu gwada M7, wato 127. Duk lokacin da lamba ta wuce 127 sai a raba ta da 127 a riƙe saura kawai. Matakai uku na farko su ne 3, 7, 47. Na huɗu 2,207 ne, saurarsa 48. Na biyar, 48 sau 48 a cire 2 ya ba da 2,302, saurarsa 16. Na shida, 16 sau 16 a cire 2 ya ba da 254, wanda yake 127 sau 2 cif, saura sifiri. Dokar ita ce a tsaya a matakin da ya gaza adadin da ke gaban M da ɗaya. Idan sifiri ya fito a nan, lambar gagara-rabo ce. Wanda ya gwada M11 zai ga mataki na 10 ya ƙare a 1,034, ba sifiri ba, alhali mun riga mun san 2,047 tana rabuwa. Farawa da 3 yana aiki ne ga adadin da ke barin saura 3 idan an raba shi da 4, kuma 7 da 11 da 67 da 127 duk haka suke.

Ke nan aikin shekara biliyan ya dawo ninkawa 125. Amma kada a raina wannan, domin kusan kowace ninkawa ta lamba mai gida 38 ko 39 ce da kanta, sannan a raba, kuma kuskure ɗaya a mataki ɗaya ya ɓata duk abin da ya biyo baya. A nan Lucas ya sake wata dabara. Ya bar ƙirga ta goma-goma ya koma ƙirga ta biyu-biyu, wadda ba ta da alƙaluma sai 0 da 1, ya kuma yi amfani da allo mai gidaje 127 a tsaye da 127 a kwance, kamar ƙaton filin dara. Gida mai ɗa a ciki 1 ne, gidan da ba kowa 0 ne. Idan 'ya'ya biyu suka haɗu a layi ɗaya sai a kwashe su a sa ɗaya a layi na gaba. Daɗin abin shi ne, a wannan tsari rabawa da M127 ba ta bukatar wani lissafi: duk ɗan da ya zarce layi na 127 sai ya zagayo ya shigo ta layi na farko. Da haka aikin ya tashi daga ƙwaƙwalwa ya koma hannu, ya zama gusa 'ya'ya bisa doka. Duk wanda ya san yadda kwamfuta ke aiki zai ga kama, kuma shekara 70 ne tsakanin wannan allo da kwamfutocin farko.

A 1876 ya sanar cewa M127 gagara-rabo ce. Ana yawan ba da labarin wai tun yana ɗan shekara 15 ya fara lissafin, ya shekara 19 yana yi. Ni dai labarin bai kwanta mini ba, domin dabarar da ta sa aikin ya yiwu ba ta hannun yaro ɗan shekara 15 a 1857. Masu nazarin tarihin lissafi da suka bi diddigin hanyar allon sun kiyasta aikin da awa 170 zuwa 300. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke da aji da safe da takardun ɗalibai da dare.

Gwajin yana da wani hali da ke ɗaure kai. Idan lamba ta faɗi, yana gaya maka tana rabuwa amma ba ya gaya maka abin da ke raba ta. Haka aka yi da M67: Lucas ya bayyana cewa Mersenne ya yi kuskure a kanta, ba tare da ya san masu raba ta ba. Sai a 1903 Ba'amurke Frank Nelson Cole ya nuna a wani taron masana a New York cewa ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Daga baya aka gano M257 ma tana rabuwa, kuma Mersenne ya tsallake uku: M61 da wani limamin coci ɗan Rasha, Pervushin, ya tabbatar a 1883, da M89 da M107 waɗanda R. E. Powers ya tabbatar a 1911 da 1914. Dukkansu ba su kai ta Lucas girma ba.

Siffofin lambar da rukunonin da take ciki

M127 ita ce ta 12 a jerin lambobin Mersenne gagara-rabo idan aka bi su daga ƙarama zuwa babba. A ƙirgar biyu-biyu, 1 ce aka jera sau 127 ba sifiri ko ɗaya. Wannan ya sa ita ce lamba mafi girma da kwamfuta ke iya ajiyewa a gurbi 128 idan an ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, kamar yadda lambar Euler, 2,147,483,647, take iyakar gurbi 32. Idan aka raba ta da 4 saura 3, idan aka raba ta da 8 saura 7, kuma wannan gadon dangi ne, domin 7 da 31 da 127 ma haka suke.

Tana kuma cikin wani rukuni ƙarami ƙwarai, na lambobin Mersenne masu ninki biyu, wato waɗanda adadin da ke gaban M ɗinsu shi ma lambar Mersenne ne gagara-rabo. Guda huɗu kacal aka sani a wannan rukuni da suke gagara-rabo: M3, M7, M31 da M127. A shekarar da Lucas ya yi sanarwarsa, Eugène Catalan ya lura da wata sarƙa: daga 2 a sami M2 wato 3, daga 3 a sami 7, daga 7 a sami 127, daga 127 a sami lambar Lucas, kuma duk biyar ɗin gagara-rabo ne. Ta shida a sarƙar tana bukatar a jera 2 sau adadin nan mai gida 39. Har yau babu wanda ya san matsayinta, kuma gwajin Lucas ba zai taimaka ba, domin matakansa kaɗai sun kai yawan lambar.

Akwai kuma alaƙarta da kammalallun lambobi, wato waɗanda idan aka tara masu raba su, ban da su kansu, sai a sake samun su. Misali 6 ita ce 1 da 2 da 3, haka 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid ya nuna cewa kowace lambar Mersenne gagara-rabo tana haifar da kammalalliya guda: 3 ta haifi 6, 7 ta haifi 28, 31 ta haifi 496, 127 ta haifi 8,128. Euler ya ƙarasa da cewa duk kammalalliyar da 2 ke rabawa ta wannan hanya take fitowa. Saboda haka ranar da Lucas ya tabbatar da M127, ya samar da sabuwar kammalalliya mai gida 77 a kyauta.

Mai wasa da lambobi da haruffa

Manyan masanan lissafi na Faransa a wancan zamani ba su ɗauki nazarin lambobi da muhimmanci sosai ba, hankalinsu yana wasu fannoni. Wannan yana cikin abin da ya sa Lucas ya riƙa aika ayyukansa waje, zuwa Italiya da Beljiyam da Amurka. Babbar maƙalarsa a kan waɗannan jeri ta fito ne a 1878 a kundin farko na mujallar American Journal of Mathematics. A gida kuwa dandalinsa shi ne taron shekara-shekara na Ƙungiyar Faransa ta Bunƙasa Kimiyya, inda malaman makaranta da injiniyoyi da masu sha'awa ke haɗuwa.

Jama'ar gari ta wasanni suka san shi. A 1882 ya fara fitar da Récréations mathématiques, littafin wasannin ƙwaƙwalwa mai juzu'i huɗu. A 1883 kuma aka fara sayar da wani abin wasa mai suna Hasumiyar Hanoi, a daidai lokacin da sojojin Faransa ke yaƙi a yankin Tonkin kuma sunan Hanoi ya cika jaridu. Turaku uku ne da faya-fayai 8 masu bambancin girma a jere a kan turke ɗaya, babba a ƙasa. Ana so a mayar da su wani turken, ɗaya-ɗaya, ba tare da an taɓa ɗora babba a kan ƙarami ba. A jikin kwalin an rubuta cewa wani N. Claus de Siam ne ya kawo wasan, malami a kwalejin Li-Sou-Stian. Ɗalibin harshe ya jera haruffan sunan farko ya sake musu tsari, zai sami Lucas d'Amiens, wato Lucas ɗan Amiens, haruffa 12 ba ragi ba ƙari. Sunan kwalejin kuma Saint-Louis ne aka hautsina, makarantar da yake koyarwa.

Ko a wasan ma bai bar danginsa ba. Mafi ƙarancin motsin da ake bukata shi ne a jera 2 sau adadin faya-fayan, a ninka, a cire 1. Fai-fai 3 motsi 7, fai-fai 7 motsi 127, fai-fai 8 motsi 255. An haɗa wasan da wata tatsuniya ta wasu masu bauta a Indiya da ke gusa faya-fayan zinariya 64, wai ranar da suka gama duniya za ta tashi. Motsin da suke bukata shi ne 18,446,744,073,709,551,615, wanda a motsi ɗaya kowace daƙiƙa zai ci fiye da shekara biliyan 580. Wanda kuma ya tara fai-fai 127, yawan motsinsa shi ne lambar nan mai gida 39. Har ila yau Lucas ne ya wallafa, a 1889, wasan nan na ɗige-ɗige da 'yan makaranta ke yi a bayan littafi, inda ake ja layi tsakanin ɗigo biyu, wanda ya rufe akwati ya sa harafin sunansa a ciki.

Rasuwarsa

A 1891 ya fitar da juzu'in farko na babban littafinsa, Théorie des nombres, wanda ya yi niyyar ya tattara nazarin lambobi a cikinsa. A shekarar ne ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta yi taronta a Marseille. Ana cikin liyafar taron sai tangaran suka suɓuce wa wani mai raba abinci, wani ɓallin faranti ya tashi ya yanke Lucas a kumatu. Rauni ne da ba wanda zai kula da shi, amma ƙwayoyin cuta suka shiga, fatar fuskar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. A lokacin saura shekara 37 a gano maganin fenisilin. Ya rasu a Faris ranar 3 ga Oktoba, 1891, yana da shekara 49. Juzu'i na biyu na babban littafin bai fito ba. Juzu'i biyu na ƙarshe na littafin wasannin abokansa ne suka fitar da su bayansa, na ƙarshe a 1894.

A 1930 Ba'amurke Derrick Henry Lehmer ya gyara gwajin ya kuma cike hujjarsa, ya nuna cewa idan aka fara da 4 a maimakon 3, wato 4, 14, 194, yana aiki ga kowane adadi gagara-rabo da ya wuce 2. Shi ya sa ake kiransa gwajin Lucas da Lehmer. Kambun M127 ya faɗi ne a 1951, lokacin da Aimé Ferrier ya tabbatar da wata lamba mai gida 44 da injin lissafi na tebur, kuma a shekarar Miller da Wheeler suka sami mai gida 79 da kwamfutar EDSAC a Kambirij. Tasu lambar ma daga ta Lucas aka gina ta: an ninka M127 da kanta, an ninka sau 180, an ƙara 1. A 1952 kwamfutar SWAC a Amurka ta gano sababbin lambobin Mersenne biyar cikin shekara guda da gwajin Lucas da Lehmer. Daga 1996 masu sa kai a faɗin duniya suka haɗa kwamfutocinsu ta intanet suna ci gaba da farautar, kuma a watan Oktoban 2024 suka gano ta 52 da aka sani a dangin, M136279841, mai gida 41,024,320, wadda aka tabbatar da ita da wannan gwajin dai. M127 kuwa ita ce gagara-rabo mafi girma da aka taɓa tantancewa ba tare da na'ura ba.